Ranar da motata ta kunyata ni

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna, ya damina? Mu nan Manchester da sauƙi.

Ƙaninka ya sake tafka ta. Ranar bikin kammala digirin 'yarmu Hafsatu a Birmingham, ta roƙe ni mu hau jirgin ƙasa. Na ce ni direba ne tun ba a haife ta ba. Motar ta mace mana a hanya, ana tsuga ruwa. Ko da muka isa an watse, har Hafsatu ta mayar da rigar bikin. Washegari likita ya ce jinina ya hau.

Na kira ta ina zayyana mata, ta ce, "When it rains, it pours, Baba," ta kashe waya. Uwarta ce ta fassara min, tunda Turancina a aji huɗu ya tsaya. Wai masifa ba ta zuwa ita kaɗai. Ka ji mutane! Ku kuna fita roƙon ruwa, su da shi suke kwatanta wahala.

Har yau ba ta ɗaga wayata. Asabar zan je in ba 'yar cikina haƙuri, da furfurata. Ku sa ni a addu'a. A gaida Inna, amma kada ta ji.

Ƙaninka,
Bala