Kuɓewarki ta dawo daga Deule, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da uwa, ina fata kina cikin hutun Ubangiji. Mu nan lafiya lau muke. Baba na nan, sai ɗan ciwon gwiwa. Ƙanena Ishaya ya dawo daga Abijan, ya ce shi da yawon cin rani har abada, mu dai muna jinsa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma labarin nan ya fi ƙarfin cikina, kuma ke ce mai shi.

Bari in fara da mara daɗin. Damanar da ta biyo bayan rasuwarki, ruwa ya ci bangon ɗakin ajiya, ya tafi da gorar da kike zuba irin kuɓewa cikin toka. Jar kuɓewar nan gajera mai yauƙi, wadda kika zo da ita daga gidanku kina amarya. Na bi maƙwabta gida gida, kowa ya ce ai tuni ya koma irin kanti. Ran nan na yi kuka kamar an sake binne ki.

To, Ishaya bai dawo da abin kirki ba sai rediyo mai kaset. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa, iri da maganin ƙwari suka yi tsada, masu lambu suka koma tambayar juna dabara. Shi ne ya ce me zai hana a ɗauki tambaya a kaset, a ba direbobin albasa su kai Madawa, Urno, Buza har Deule. Kowane gari a saurara a gindin itace, a ɗauki amsa, kaset ya zagayo gida.

Da kin ga ranar da kaset na farko ya dawo, Inna, da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Mun taru mu ji maganin tsutsar albasa. Da aka kunna, sai ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, a gai da maigari, a gai da liman, a gai da fasto. Wani dattijo na Urno ya gaishe mu har da jakunanmu, yana cewa to, maganar tsutsa kuwa, sai kaset ya ƙare.

Ishaya ya fusata, ya kafa doka: ban da gaisuwa. Kin san shi da zafin kai. Kaset ya je ya dawo kusan wayam, mutanen Buza suka aiko direba da saƙo cewa ba sa magana da wanda bai tambayi kwanansu ba. Ni na raba gardamar. Na ce fuska ɗaya ta kaset ta gaisuwa ce, a yi ta har a gaji, in an juya kuma sai zancen lambu. Tun daga nan abin ya zauna, har aka fara ɗaure iri a ƙyalle a jikin kaset, mai so ya kwance, mai shi ya ƙara.

Mata ne dai suka ƙi buɗe baki. Wa za ta yarda muryarta ta fito a dandali surukinta na zaune? Sai na nemi a ba mu namu kaset, na ɗaura masa jan zare don kada a haɗa, a cikin gida kawai ake sa shi. Ni na fara magana. Na yi niyyar tambayar maganin ƙwarin tumatir, da na danna sai na ji bakina yana kwatanta kuɓewarki.

Ya daɗe bai dawo ba, har na cire rai. Da ya zo, akwai ƙulli a jikinsa, cikin tsumman zane mai shuni. Muryar wata tsohuwa ce daga Deule, Hajo sunanta. Ta ce shekarun baya ta yi jinyar mijinta a asibitin mishan na nan garinmu, guzurinta ya ƙare, wata mai lambu a bayan asibitin ta riƙa kai mata miya. Har yanzu ina jin maganarta: “Wata 'yar mishan mai wushirya ta, ban riƙe sunanta ba. Ran da za mu gida tab ba ni irin, tac ce ki shibka, in ya yi ki ba wata. To ga shi, ɗiyata, na ba wata.”

Ba ki taɓa gaya mana ba, Inna. Ko kin manta ma, don irin su Hajo da kika ciyar ba su da iyaka.

Na shuka kusa da rijiya, na kewaye da ƙaya saboda awakin Ishaya. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron kada ta fito wata daban. Da ta yi ganye na duƙa na duba kara, ja ne. Na bar yawancin 'ya'yan su bushe a jikin uwa don iri, na tsinki 'yan kaɗan na kaɗa miya.

Kin san Baba bai taɓa cin miyarki bai kushe ta ba, alhali yana siɗe kwano. Tun da kika tafi, duk abin da na aje masa ci yake shiru, ya ce an gode. Jiya ya kai loma ta farko, ya tsaya. Ya kai ta biyu, sai ya ɗaga murya ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya kuma kira ni da sunanki. Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya cinye tuwon tas, ni kuma na shige madafa don kada ya ga idona.

Da irin ya bushe zan ƙulla wa matan garuruwan da kaset ke zagayawa nasu, in mayar wa Hajo da ninkin abin da ta aiko. Ba zan ƙara aje shi a gora ɗaya ba.

Allah ya ƙara miki hutu, Inna. Ya ba Hajo lafiya da tsawon rai, ya sa damana ta yi albarka, ya sada mu a ranar da babu rabuwa.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Saratu