Zalɓe Uku na Gidan Wenlow

Ni Gervase, uban ƙasar Wenlow, ɗan Odo, jikan Hamo, na sa an rubuta wannan ina cikin hankalina sarai. Ƙafafu ne suka yi mini tawaye, kai kam yana nan daram, kada wani suruki ya tashi gobe ya ce tsoho ya ruɗe. Zuwa gare ku 'ya'yana, Hawisa da Amabel, ku biyun da Allah ya bar mini.

Na ɗaya. A binne ni a cocinmu, gefen mahaifiyarku Rohese. Kada ku yarda a cire zuciyata a kai gidan sufaye kamar yadda aka yi wa kakanku. A bar ni yadda na zo.

Na biyu. Tun da ba ni da ɗa namiji a raye, doka za ta raba ƙasata biyu daidai. Babban gida na Hawisa ne, ita ce babba. Amabel ta ɗauki gidan niƙa na bakin kogi da makiyayar tumaki ta kan tudu. Gonar tuffa kuwa kada a sa mata iyaka. Mahaifiyarku ce ta dasa ta. Har yanzu ina ganinta da laka har gwiwa tana ce mini, "Maigida, in ba za ka riƙe mini dashe ba, matsa, kana tare mini rana." Ku kuma kuna bayanta kuna cin ɗanyun 'ya'ya, ciki ya murɗa ku ce ba ku taɓa ba.

Na uku. Sulkena ga Fulk mijin Hawisa, idan zai shige shi. Shahona ga Piers mijin Amabel, ya daina aron na mutane.

Na huɗu, kuma dominsa na kira mai rubutu: sunan gidan nan da garkuwarsa. Lokacin da sarki ya ba kakana Hamo wannan ƙasa, fadama ce zalla. Fadawa suka yi ta dariya, wani ya ce, "Hamo ya samu sarauta, talakawansa zalɓe ne." Bai yi fushi ba. Ya sa aka zana zalɓe uku farare a garkuwarsa, ya janye ruwan, ya gina zauren da aka haife ku a ciki. Mahaifina ya ɗauki garkuwar zuwa yaƙin Faransa, ni na ɗauke ta bayansa. Yayanku Ranulf ne ya kamata ya karɓa daga hannuna. Yana ƙarami yakan tsaya ƙarƙashinta ya ce, "Baba, tsuntsayenmu ba sa cin abinci ne? Dubi ƙafafunsu." Zazzaɓi ya ɗauke shi a sansani kafin ya yi gemu. Ina kewarsa, ba ranar da ba na yi.

Yanzu kowaccenku tana so ɗanta ya ajiye sunan ubansa, ya ɗauki Wenlow da zalɓen. Ranar Ista, a kan teburina, Hawisa ta ce, "Ni ce babba, maganar ta ƙare." Amabel ta ce, "Yaya, ɗana ne ya ɗauko Baba. Naki hancin Fulk ya kwaso." An yi dariya, ku ba ku yi ba. Tun ranar ba wadda ta taka ƙofar 'yar'uwarta, ko a coci kowacce bango take kallo. Na san mazajenku. Duk wanda na hana, zai tara barade, jikokina su tashi suna farautar juna a fadamar Hamo.

Na biyar. Ba zan ba kowa ba. Kun san al'adarmu: idan namiji na ƙarshe a gida ya mutu, akan ɗauki garkuwarsa a kife, kai ƙasa, a bi gawa da ita, a sa ta cikin kabari, shi ke nan an rufe sunan. Ina saurayi na ga an yi wa wani maƙwabcinmu, na koma gida ban iya cin abinci ba, ina roƙon Ubangiji kada ya nuna wa gidanmu wannan rana. To, ni ne yau nake ba da umarni a yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, yana yi mini ciwo fiye da ciwon da ke kashe ni. Amma Hamo bai janye ruwa don a zuba jini a wurin ba.

Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku da sunayen iyayensu maza, ya ba ku tsufa kusa da juna. Ku riƙe zumunci, shi da gonar tuffa ne kaɗai ban raba muku biyu ba. Ranar jana'iza kada barde ko bara ya taɓa garkuwar. Tana da nauyi, mace ɗaya ba za ta iya ba. Hawisa ta kama gefe, Amabel ta kama gefe, ku kife ta da hannunku, ku raka ni.