Fiton Mijina Ya Rage a Bakin Tsuntsu

Anti Noreen, ki taimake ni da shawara, don kaina ya kulle, kuma in na faɗa wa mutanen garinmu za su ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Gidana shi ne na ƙarshe a kan dutsen garinmu, daga shi sai kurmi. Nan muka yi rayuwarmu ni da mijina Neville, mu da namun dajin da muka tarar. Wombat, wani naman daji mai kama da ƙatuwar gafiya, ya haƙa rami a ƙarƙashin baranda, yana fasa shingen lambu kullum, har Neville ya gaji da toshewa ya yi masa 'yar ƙofa. Aku kuwa sun gaigaye katakon tagogina tas. Duk na yafe musu.

Neville ya rasu bara waccan. Mutum ne mara yawan magana, amma in zai faskara itace da safe yakan yi wani ɗan fito, ya hau sama sannan ya gangaro. Da sanyin bana ya shigo, wata safiya ina tsaye da kofin shayi, hazo ya cika kwari har ba a ganin komai sai kawunan itatuwa suna yawo, sai na ji fiton. Bayansa ƙarar gatari, har da ɗan tarin da yake yi in ya sunkuya. Na san layabad ne, tsuntsun nan mai kwaikwayon duk abin da ya ji. Hankalina ɗaya, Anti. Amma ranar kofi biyu na zuba.

Tun daga nan kowace safiya nake fita. Wani lokaci yakan fara da kukan wasu tsuntsaye, in yi ta jira, can sai Neville ya fito daga tsakiyarsu. Nakan lumshe ido in ji har ƙamshin itacen da aka faskara.

Ga matsalar. Duk shekara kafin zafi Neville yakan share sarƙaƙiyar bayan gida saboda gobarar daji. Tun da ya tafi ban taɓa ta ba, ta cika ta tumbatsa, kuma cikinta tsuntsun ya tara ɗan tudun da yake rawa a kai. Yanzu 'yan sa-kai masu kashe gobara sun zo sun ce a share kafin Disamba, watan da zafi yake kamawa a nan wajenmu. 'Yata Bronwyn ta ce in na ƙi, za ta zo ta kwashe ni zuwa birni. Ba ta san dalilina ba, ta ɗauka taurin kai ne. In aka share, tsuntsun zai tafi. Na riga na binne mutumin nan sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Yaya zan yi?

Ta Ƙarshen Hanya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Neville. Babu mai cewa kin zautu. Da yawa daga cikinmu da za mu samu wanda zai riƙe mana muryar namu da suka tafi, da mun kwana a gindinsa.

Amma sai an share. Wuta ba ta san fito ba, kuma in ta kama sarƙaƙiyar nan, gidanki da maƙwabtanki da shi kansa tsuntsun duk abincinta ne. Ki tuna kuma, wannan fiton na mutumin da bai taɓa barin zafi ya same shi da ciyawa a bayan gida ba ne. Masu kashe gobara suna da gaskiya, Bronwyn ma tsoro ne ya sa ta yi miki barazana.

Ke ma kina da taki gaskiyar, don haka kada ki bari a yi miki aski ƙwal. Ki zaga wurin da shugaban 'yan sa-kai, ki nuna masa tudun, ki tambaye shi iyakar abin da ya zama dole a sare da abin da za a iya bari can wajen kwari. A yi aikin da hannu, kaɗan-kaɗan, don tsuntsun ya ja baya a hankali. Muryarsa tana kai nisa. Ba zan yi miki alkawarin zai zauna ba, amma yana iya matsawa kawai.

Abu ɗaya ne ban goyi bayanki a kai ba. Kin yi watanni kina jin mijinki ke kaɗai, alhali akwai wadda ta rasa ubanta. Kira Bronwyn ta zo kafin a sa adda. Kada ki yi mata bayani, ki tashe ta da sassafe kawai, ku tsaya a baranda tare. In tsuntsun ya tafi daga baya, ku biyu ne za ku san abin da aka ji.

Allah ya kai mu ƙarshen zafi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Noreen