Ashe Iska Injin Yake Sha

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Legas? Ina fatan Yaya Binta da yara suna lafiya. Mu nan Yammedi sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka, injin ban ruwan da ka aiko ya ja ruwa, amma sai da ya sha zagi. Kwana uku ina ɗura masa ruwa ina tayarwa, sai ƙara kawai, ko ɗigo babu, ga tumatir ya fara yaushi. Har na ce an cuce ka a kasuwa.

Da Malam Iro mai faci ya zo, ko kallon injin bai yi ba. Ya toshe bakin mesar da ke zuƙo ruwa, ya hura mata iska, ya nutsa ta a rafi yadda yake gwada tayar babur. Sai ga kumfa. Ashe ɓeraye ne suka huda ta a rumbun gyaɗa, inda ni da kaina na ajiye ta. Ya ɗaure da roba, muka sake ɗurawa, nan take ruwa ya cika kwari.

Inna ta ce in nemi gafararku biyu. Ta injin na nema a fadama, taka ce wannan.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Sale