Ruwan Rakena Ya Yi Tsami a Gaban Sabon Inji

Zuwa ga Manajan masana'antar mazarƙwaila ta ƙungiyarmu ta manoman rake, Makarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ban girma. Ya aiki, ya iyali, ya ma'aikata, ya kuma haƙuri da mu manoma? Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Idi Barau, mutumin Taba a ƙaramar hukumar Kudan. Rake nake nomawa a fadama, kuma ina cikin masu kawo muku shi ku matse, ku dafa ruwan, ku mayar mana da shi mazarƙwaila. Ƙorafi na kawo, amma kada ka ɗauka mai fushi ne ya rubuto. Wallahi bakina har kunne yake. Rabin noman da na yi bana ya lalace a harabarku, ni kuwa kwana uku ke nan ina dariya ni kaɗai, har maiɗakina Asabe ta fara tunanin a nemo mini rubutu in sha. Abin da ya sa ni murna shi ne na gano inda ciwon yake, kuma cikina ya ƙi riƙe shi.

Na ɗaya, shelar da aka yi. Ranar Juma'ar da kuka kafa inji na biyu, an sanar bayan an idar da salla cewa zaman jira ya ƙare, kowa ya sare rakensa ya kawo. Ka san halinmu. In aka ce kowa, ba mai yarda maƙwabcinsa ya riga shi. Ranar Litinin fadamarmu ba ka jin komai sai ƙarar adda. Na sare rabin gonata, na loda a amalanke, na iso ranar Talata da hantsi, sai na tarar mutanen Kudan da na Ikara da na ƙauyukan Makarfi duk irin tunanina suka yi. Rake ya cika harabar har ya fito bakin titi.

Na biyu, aikin injin. A nan dole in yaba. Injin nan bai san gajiya ba. Kafin azahar ya lamushe rakena kaf, ya cika mini duro huɗu da ruwa mai zaƙi. Don daɗi har na ɗan taka rawa a gaban ma'aikatanka, ni da furfurata. Nan take na buga wa Hajiya Rabi waya. Ita ce 'yar kasuwar Ikara da ke kwashe mazarƙwailata shekara da shekaru. Na ce mata ta share wuri a rumfa, kaya na tafe jibi.

Sai na juya bayan rumfar inji, inda ake dahuwa. Kasko uku ne a kan wuta, ranka ya daɗe, ukun nan dai da muka sani tun ana inji ɗaya. Kowane kasko sai ya ɗauki lokacinsa kafin ruwan ya yi kauri, ba a yi masa gaggawa. Duro huɗun nan nawa suka shiga layi a cikin rana, bayan na mutane da yawa. Zuwa safiyar Laraba kumfa ta taso, ƙudan zuma sun yi mana taron biki. Malam Tanko, dattijon da ke kula da dahuwa, ya tsoma yatsa ya lasa, ya girgiza kai. Ya dafa don ya faranta mini, amma abin ya ƙi daskarewa. Na koma gida da wani baƙin ruwa mai tsami wanda ko awaki sai da suka yi shawara kafin su kusance shi. Ranar kam ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji kunyar wayar da na buga.

Na uku, kuma nan ne daɗin yake. Safiyar Alhamis ina zaune a tsakar gida na yi tagumi, Asabe tana suyar wainar da take sayarwa. Sai na lura shinkafar da take jiƙawa kullum ba ta wuce kwano biyu, alhali injin markaɗe yana nan jikin katangarmu. Na tambaye ta me ya hana ta markaɗa kwano biyar tunda inji ba ya ƙi. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce ai tanda ce ke faɗin yawan ƙullu, ba inji ba, abin da tanda ba za ta iya cinyewa kafin hantsi ba tsami zai yi. Na miƙe zumbur har na kifar da kokona. Ashe abin da ya ci mini rabin gona, Asabe ta san shi tun tana budurwa.

Ga shi dalla-dalla yadda na fahimta. Aikinku hawa-hawa ne: sara, ɗauko, matsa, dahuwa, zubawa a kwanuka. Duk saurin da sauran za su yi, mazarƙwailar da za ta fito a yini ba za ta wuce abin da kasko ya iya dafawa ba. Kun ƙara ƙarfi a inda da ma ba a makara, kun bar inda ake makara yadda yake. Sabon injin bai ƙara ko curi ɗaya ba, sai dai ya ƙara saurin mayar da rake abin da ke lalacewa a yini guda. Rake a tsaye cikin gona yana iya jira. Wanda aka sare yana haƙurin kwana biyu. Wanda aka matse ba ya haƙuri ko kaɗan. Na san ka yi karatun wannan a makaranta, ƙila ma yana da wani dogon suna a littafi. Ni dai a gindin murhu na samo nawa, kuma tun daga ranar duk wanda na tare a hanya sai na yi masa bayani, har mai facin taya bai tsira ba.

Na huɗu, maganar layi. Sau biyu kasko ya sauka layi ya zo kaina, sai wani babban mutum ya iso, aka ce a bar Alhaji ya wuce. Ni ma da bakina na ce a bar shi, don ba a haife ni in ja da manya ba. To amma ruwan rake bai san Alhaji ba. A ba manya kujera da inuwa da ruwan sanyi, a gaishe su har ƙasa, amma duron da aka fara cikawa shi za a fara juyewa.

Yanzu ga halin da nake ciki. Hajiya Rabi ta yi mini uzuri zuwa kasuwar Ikara ta makon gobe. In na sake zuwa mata hannu rabbana, za ta koma wa wani, kuma ba zan ga laifinta ba. Sauran rabin gonar nan shi ne abincin gidana har zuwa damina. Ba ni da wani rabin bayan shi.

Don haka nake roƙo, cikin girmamawa. A daina tayar da inji sai kasko ya kusa sauka. A tambayi Malam Tanko kowace safiya duro nawa zai iya dafawa, a tsaya a kan abin da ya faɗa. A raba mana ranaku, kowane manomi ya san ranar da zai sare, a kuma sanar a inda aka yi shelar farko. Sannan in ƙungiya ta tashi sayen wani abu nan gaba, a fara leƙa bayan rumfa kafin a tafi kasuwa.

Roƙo na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Jiya na shiga tsohon ɗakin marigayi babana na jawo kaskon da ya yi sana'ar nan da shi tun ana matsa rake da doki. Na kankare tsatsar, na cika shi da ruwa ya wuni, ko ɗigo bai zubar ba. Ranar Asabar zan kawo shi a amalanke, da fartanyata da laka. Ba na neman komai sai a nuna mini inda zan gina murhu na huɗu kusa da na Malam Tanko, ya yi wa kowa aiki. Rakena ba zan taɓa shi da adda ba sai na ga wuta a ƙarƙashin kaskon nan.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya yi riƙo da hannunka, ya sa ka gama da mu lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idi Barau, Taba.