Oba-oban Yaya Lado

Alhamis, 7 ga Oktoba, 2021
Na sauka Kano daga Alkahira, amma oba-oban, rediyoyin hannun nan na magana, ba su fito tare da ni ba. Guda huɗu ne. Tun da aka katse layin waya a Safana, sai da Yaya Lado ya je har Katsina ya kira ni, ya ce kada in zo hutu ba tare da su ba.

Jami'in kwastan ya duba littattafai da jallabiyoyi da turaren Inna, duk ya tura gefe. Da ya kai ga oba-oba sai ya tsaya. Ya ce kayan amfanin kaina ne zan iya wucewa da su, wannan kuwa sai da izinin hukumomin tsaro. Na ce daga Runka nake. Ya ce, "Ai shi ya sa ma. Na cikin dajin da irinsu suke magana." Za su ajiye har in kawo izini. Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi, da na samu wanda zan ji haushi.

Asabar, 9 ga Oktoba
Runka, a bayan a-kori-kura. Yaya da kansa ya saɓa akwatin, yana ta zolayata da "Malamin Masar". Na kasa gaya masa a hanya, sai da ya buɗe ya ga gurbin. Ya daɗe yana kallo. "Ba komi, ƙane, kai dai ka zo lahiya." Muryarsa ta dishe ƙwarai. Ashe ya riga ya sanar da duk unguwa cewa oba-oba na tafe.

Litinin, 11 ga Oktoba
Yau na ga aikin nasa. Wake ya nuna, to mutane na roro, shi yana kan dutsen bayan gari yana kallon bakin daji. In ya hango baburan 'yan bindiga sai ya kwarma ihu, na kusa su miƙa wa na gaba. Gonar bakin rafi ce ihun ba ya kaiwa, kuma can matarsa Zuwairatu take roro da sauran mata. Ɗaya daga cikin oba-oban nata ne.

Alhamis, 14 ga Oktoba
Na je Katsina neman izini. Wani ya ce sai Abuja, wani ya ce ba a cika ba mutum ɗaya ba. Na dawo da ciwon kai.

Lahadi, 17 ga Oktoba
Inna tana ta nuna wa maƙwabta turarenta. Ƙamshinsa ma ɓata mini rai yake.

Laraba, 20 ga Oktoba
Da hantsi. Yaya ya yi ihu, na kusa suka gudu, na rafi ba su ji ba. Sai ya sauka daga dutsen ya nufi rafin a guje. Matan duk sun shigo gari, har Zuwairatu, ba mayafi. Shi bai shigo ba. Masu baburan sun tafi da shi.

Juma'a, 22 ga Oktoba
Ba labari. Ko su da suka ɗauke shi ba su da layin da za su kira mu.

Zuwairatu ta tare ni a zaure. "Nurain, abin nan, da yana hannuna, daga bisa dutsen zai gaya mani?" Na ce e. Ta gyaɗa kai ta shige. Na tsani jami'in nan na ɗan lokaci, na dawo na tsani kaina, yanzu ban san wa zan tsana ba.

Talata, 26 ga Oktoba
Ba kowa a kan dutse, ba kowa a gona. Waken yana bushewa yana fashewa a ƙasa. Abincin gidan nan ke nan har baɗi.

Alhamis, 28 ga Oktoba
Na hau dutsen, don in gani kawai. Butar Yaya tana nan a gindin wani kalgo. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Da azahar ta yi na kira salla daga can, da duk muryar da malamanmu na Azhar suke yabo. Wani dattijo da ya lallaɓa ya je duba gonarsa ya ce har rafi ya ji. Ban san ko in yi murna ba.

Lahadi, 7 ga Nuwamba
Yau ne jirgina na komawa. Ba fasa karatu na yi ba, sai dai a gama roro tukuna, wataƙila dawa ma. Kuma in Yaya ya dawo, gara ya tarar da mutum a wurinsa a kan dutsen.

Buhunan Zuwairatu sun ƙare, sai na juye littattafan a ɗakin Yaya na ba ta akwatin. Ta cika shi da wake, takardar da aka ɗaura masa a filin jirgi tana lilo a hannun akwatin.

Inna ta dafa mini citta da zuma, ta ce muryata ta fara dishewa. Gobe zan hau da wuri.