Rijiyar Baba Ta Tsira

Assalamu alaikum Yaya Shu'aibu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sha'anin Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa neman ka albarka. Mu nan Gurbin Bore lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwar Zurmi da kanta, matar ƙaninmu Mubashir kuma ta sauka, an sami 'ya mace.

Yau da bakina har kunne nake rubuta maka wannan takarda: ba za a cike rijiyar Baba ba! Ka san yadda abin ya fara. Akuyar maƙwabcinmu Sodangi ta sha ruwan ta mutu, gari ya ɗauka wai akwai guba. Jami'an lafiya suka ce a aika musu da ruwan a gwada, sakamako ya dawo cewa akwai maganin feshin ƙwari a ciki, suka ba da umarni a cike ta da ƙasa. Rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa, wadda rabin unguwa ke sha! Wallahi Yaya na yi kuka, Inna kuwa ko tuwo ta daina ci.

Sai ga 'yarka Nusaiba ta zo daga Ƙaura, wadda kake tsokana da cewa ta yi karatun wanke kwalabe. Tambayarta ta farko ita ce, a cikin me aka aika da ruwan? Gwaggo ta ce ai ita ta zaɓi jarkar, mafi kyau a gidan, mai murfi gam, don kada baƙi su raina mu. Ashe jarkar maganin feshin wake ce ta Mubashir. Gwaggo ta rantse ta wanke ta tas da toka da yashi. Nusaiba ta ce roba na tsotse magani ta riƙe, kuma abin da ake nema ɗan mitsitsi ne, kamar gishiri ɗan tsunkule a cikin tafki, ido ba ya gani amma na'ura na gani.

Ta roƙi jami'an su dakata, suka kuwa saurare ta. Ta ɗebi sabon ruwa a baƙaƙen kwalaben gilashi, ta binne su cikin ƙanƙara. A ɗakin gwaje-gwajen da take aiki ta bi da ruwan a hankali ta wani ɗan bututu mai farin gari a ciki, wanda ke kama magani ya bar ruwa ya wuce. Ta wanko abin da garin ya kama da wani sinadari, ta ƙafar da shi har ya zama 'yan ɗigo, ta kai Zariya inda na'urar awo take. Dabarar da ta fi burge ni ita ce, ta zuba tataccen ruwa marar komai a jarkar Gwaggo, shi ma ta gwada. Ruwan rijiya ya fito fes. Na jarka ya nuna maganin nan sak. Ita kuwa akuyar, Allah kaɗai ya san abin da ta ci.

Gwaggo har yanzu cewa take jarkarta ba ta da laifi, amma mun bi gida-gida mun tattara irinta, don ashe har da masu zuba man gyaɗa a ciki. Ranar da jami'an suka janye umarninsu, Inna ta hana kowa taɓa guga. Ita ta ja da kanta, tsohuwa tana haki, ta sha, ta yi wa Baba addu'a. Daga nan ta ce a ɗora tukunya, yunwa take ji.

Inna da Gwaggo da Mubashir suna gaishe ka. Ka miƙa mini gaisuwa ga Hamdiyya da su Abbati.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ladidi